Tsakanin Mai Gida Da Mai Gyara: Wane Lada Ne Halal?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da wuta da iska, Ya kuma sanya sashenmu yana bukatar sashe domin zaman duniya ya daidaita. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ta ke tasowa a gidajenmu kowace bazara da kowane hunturu, amma ba safai a kan kai ta gaban malamai ba. Mas'alar kuwa ita ce cinikin da ke gudana tsakanin mai gida da mutumin da ya kirawo ya gyara masa fanka, ko firji, ko na'urar sanyaya ɗaki wadda a ke kira iyakwandishan, ko kuwa tukunyar lantarki ta dafa ruwan wanka. Tambayarmu ita ce: idan mutum biyu suka yi ciniki, ɗaya ya san abin da ya lalace ɗayan bai sani ba, kuma wanda bai sanin ba yana cikin matsi, mene ne ladan da ya halatta masanin ya karɓa? Wa kuma ya cancanta a danƙa wa aikin tun da farko?

Wataƙila wani ya ce ai wannan zancen masu hali ne, bai shafi talaka ba. Lalle akwai lokacin da haka ne. Kakanninmu sun yi zamansu a soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, wanda ke tare zafin rana ya kuma riƙe ɗumi da dare, ga randa a gindin inuwa. Amma yau yawancin mutanen birni suna cikin ɗakunan bulo da siminti masu rufin kwano, an cusa gidaje kusa da juna, an sare itatuwa. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu ya kan haye digiri 40, kuma a ranar 3 ga Afrilu, 2024, ana cikin azumin Ramadan, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A irin wannan hali fanka ba kayan ado ba ce ga tsoho mai hawan jini, ko mai jego da jaririnta, haka nan firji ga mai ciwon sukari da ke ajiye allurarsa, ko matar da ke ciyar da marayu da sayar da ƙanƙara da zoɓo. Shari'a kanta ta lura da wahalar zafi, domin Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a jinkirta sallar Azahar har rana ta yi sanyi idan zafi ya tsananta. Abin da aka sassauta lokacin salla dominsa ba ƙaramin abu ba ne.

CINIKIN DA IDO BA YA GANI

Wanda ya je kasuwa sayen gero yana iya tsoma hannu cikin buhu, ya duba ƙwaya, ya tsaya a kan mudu. Wanda ya je sayen rago yana duba haƙori, ya taɓa gadon baya. Amma wanda na'urarsa ta daina sanyi ba ya ganin komai sai akwatin ƙarfe a rufe. Mai gyara shi ne zai faɗi cutar, shi ne zai faɗi maganin, shi ne zai yanka kuɗin, sau da yawa kuma shi ne zai tafi kasuwa ya sayo kayan. Duk wanda aka tara wa waɗannan abubuwa huɗu a hannu ɗaya, an ɗora masa amana mai nauyi, an kuma buɗe wa Shaiɗan ƙofa mai faɗi zuwa zuciyarsa.

Domin mai karatu ya gane inda ha'inci ke shiga, ya kamata mu ɗan bayyana yadda abin ya ke. Na'urar sanyaya ɗaki da firji aikinsu iri ɗaya ne. Akwai wani gas da ke kewayawa cikin bututun jan ƙarfe a rufe, akwai kuma inji mai matsa shi, watau kwamfuresa, wanda shi ne zuciyar na'urar. Gas ɗin yana kwashe zafin ciki ya kai shi waje ya zubar, sa'an nan ya komo. Abin lura a nan shi ne, wannan gas ba ƙarewa ya ke yi kamar man fetur ba. Idan ya ragu, to akwai inda ya ke yoyo. Saboda haka wanda ya ɗura sabon gas bai nemo ɓular ya liƙe ba, daidai ya ke da mai zuba ruwa a rariya, kuma ya san za a sake kiransa bayan 'yan makonni.

Kuɗin gyara kuwa hawa-hawa ne. Mafi sauƙinsa wanke matatar iska da kakkaɓe ƙurar da hunturu ya tara, kuma sau da dama wannan kaɗai ya kan dawo da sanyi. Sama da shi akwai canja kafasita, wani ɗan gwangwani mai taimakon inji ya tashi, aikin da ba ya wuce 'yan mintoci. Sai gyaran injin farfela, sai liƙe yoyo da ɗura gas, sai allon lantarki na sababbin na'urori masu tsimin wuta. Ƙololuwa ita ce canja kwamfuresa, wanda kuɗinsa kan ci babban kaso na kuɗin sabuwar na'ura. To, ga inda gizo ke saƙa: idan kafasita ta mutu, inji ya kan yi gurnani ya kasa tashi, watau alamar ta yi kama da ta mutuwar kwamfuresa. Mai gida ba shi da hanyar bambancewa. Kalma ɗaya daga bakin mai gyara ita ce tsakanin ƙaramin kuɗi da albashin wata.

Wajibi ne kuma mu yi wa masu wannan sana'a adalci. Yawancin kayan gyara daga ƙasashen waje a ke shigo da su. Bayan da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, Dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haye 1,500 a watan Fabrairu na 2024, kuma cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin sufuri. Saboda haka ba kowane tsada ne zalunci ba, kuma wanda ya tuhumi mai gyara da sata don kurum kuɗin bana ya fi na shekaru uku da suka wuce, ya yi mummunan zato ba bisa hujja ba.

IJARA DA JI'ALA DA WAKILCI

Asalin karɓar lada a kan gyara halal ne. A cikin Suratul Kahfi, sa'ad da bawan Allah ya tayar da bangon da ke shirin faɗuwa, Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nuna masa cewa da ya so da ya karɓi lada a kan aikin. Imam Gazali kuma a cikin Ihya'u ya lissafa tushen sana'o'i, kamar noma da saƙa da ɗinki, cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yinsu duk mutanen garin sun yi laifi. Yaron da ya yi shekaru yana koyon gyaran firji a bakin titi yana ɗauke wa al'umma wani wajibi ne, kuma ya cancanci girmamawa.

Malaman fiƙihu suna kiran ɗaukar mutum aiki da lada ijara, wadda Hausawa ke kira jinga ko ƙwadago. Sharaɗinta shi ne a san aikin, a kuma san ladan, tun kafin a fara. Dubi yadda dattijon Madyana ya yi da Annabi Musa a cikin Suratul Ƙasasi: ya ambaci aikin, ya ambaci shekaru takwas, ya kuma bayyana cewa cikon goma ganin dama ne. To ina wannan, ina al'adarmu ta yau? Mai gida ya ce, "Malam, nawa zan ba ka?" Mai gyara ya ce, "Haba Alhaji, ai ba ma haka da kai, bari dai in gama." Kowannensu ya ƙudurta wani adadi a ransa, kunya ta hana shi faɗi. Idan aka gama, wannan ya ce an cuce shi, wancan ya ce an raina shi. Wannan kunya ba ita ce wadda addini ya yaba ba, domin ƙarshenta husuma. Hukuncin irin wannan jinga idan ta auku shi ne a koma ga ladan tamka, watau abin da masana sana'ar suka san ana biya a kan irin wannan aiki a wannan gari.

Amma yaya za a yanka lada alhali ba a san cutar ba sai an kwance? Mafita ita ce a raba abin biyu. A yi jinga ta farko a kan dubawa kaɗai, da ɗan kuɗi sananne wanda mai gyara zai karɓa ko an ba shi aikin ko ba a ba shi ba. Idan ya faɗi abin da ya gani, sai a yi jinga ta biyu a kan gyaran. Wannan yana kare mai gida, yana kuma rage wa mai gyara kwaɗayin ƙirƙiro cuta domin kada zuwansa ya tashi a banza.

Akwai kuma wani ƙulli da a ke kira ji'ala, watau mutum ya ce, "In ka sa ta yi sanyi kana da kaza, in ba ta yi ba ba ka da komai." Wannan ya halatta. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa ba a yanka wa ji'ala ajali, kuma mai aikin ba ya cancantar komai sai ya kammala. Sai dai a mazhabar Imam Malik ba a gwama ji'ala da saye da sayarwa cikin ƙulli ɗaya, alhali ana iya gwama ijara da su. Don haka wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya ware cinikin kayan gyara daban.

A nan ne muka iso ga wurin da ƙafafun mutane da yawa ke zamewa. Idan mai gyara yana da kayan a shagonsa ya sayar wa mai gida, to shi ɗan kasuwa ne, yana da ikon ɗora riba. Amma idan mai gida ya ƙirga kuɗi ya ba shi ya ce ya je ya sayo, to ya zama wakili, wakili kuwa amintacce ne, ba shi da komai a cikin kuɗin sai abin da aka yarje masa. A ƙaddara an ba shi Naira 12,000, ya yi ciniki ya samo kayan a 8,000. Ragowar 4,000 ta mai gida ce. In ya roƙi mai shago ya rubuta 12,000 a rasit, to ya ci haram, mai shagon kuma ya yi shaidar zur da alƙalaminsa. In yana ganin wahalar zuwa kasuwa da gwanintar ciniki sun cancanci lada, lalle sun cancanta, sai ya faɗa a fili a biya shi. Kuɗin da zai ci ta bayan gida da zunubi, shi ne zai iya karɓa ta ƙofar gida da albarka.

LADAN GUMI KO LADAN SANI?

Yanzu sai mu koma ga ainihin tambayar. Mai gyara ya zo, ya saurari ƙarar inji, ya canja kafasita cikin minti goma, ya nemi kuɗi mai kauri. Mai gida ya ce, "Don wannan ɗan aikin?" Shin yana da gaskiya?

Amsa ita ce ijara sayar da amfani ce, kuma amfanin da aka saya a nan bai tsaya ga motsin hannu ba. Ya haɗa da sanin inda za a sa hannun, wanda aka yi shekaru ana tarawa, da kayan awon da ya saya da kuɗinsa, da kasadar taɓa wutar lantarki da hawa tsani. Shari'a ba ta yanka wa lada iyaka da adadi ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah ya ƙayyade farashi, ya ƙi, yana mai fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Saboda haka in ya faɗi gaskiyar abin da ya lalace, ya ambaci ladansa, mai gida ya yarda yana da ikon neman wani, to abin da ya karɓa halal ne ko da ya fi na maƙwabcinsa.

Amma in ya ce kwamfuresa ce alhali kafasita ce, ko ya ce gas ya ƙare alhali ƙura ce ta toshe, ko ya sa tsohon kaya na gwanjo ya ce sabo ne, ko ya naɗa wa fanka wayar alminiyam ya karɓi kuɗin jan ƙarfe, to wannan haram ne ko da kuɗin da ya karɓa kaɗan ne. Dalili kuwa, Allah Ya sharɗanta a cikin Suratun Nisa'i cewa dukiyar mutum ba ta halatta ga ɗan'uwansa sai ta hanyar ciniki bisa yardar juna. Yardar da aka gina a kan ƙarya ba yarda ba ce, domin mai gida ya yarda ne da biyan wani aiki wanda ba a yi ba. Muslimu ya ruwaito cewa Manzon Allah ya wuce wani mai sayar da abinci, ya tura hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sa'an nan ya barrantar da kansa daga mai algus. In wannan shi ne hukuncin wanda ya ɓoye aibi a ƙarƙashin hatsin da kowa ke iya tonawa, ina ga wanda ya ɓoye shi cikin akwatin da mai shi ba ya iya buɗewa?

Tsakanin waɗannan biyu akwai hali na uku, wanda ya fi su yawa a cikinmu. Shi ne mutum ya sallama kansa ya ce, "Ni ban san komai a wannan harka ba, ka yi mini yadda ka ke yi wa mutane." Malamai suna kiran irin wannan mustarsili. Abin da ya shahara a mazhabarmu shi ne ba a warware ciniki don tsada kurum, amma wanda ya bayyana jahilcinsa ya dogara ga amanar abokin cinikinsa, ba ya halatta a caje shi fiye da yadda a ke cajin jama'a. Alƙali Ibn Asim na Andalus, mai Tuhfatul Hukkami, ya ambaci sharuɗɗa uku na karɓar ƙarar wanda aka yi wa irin wannan danniya a ciniki: kada shekara ta wuce, ya kasance jahilin abin, kuma ƙarin ya kai sulusi ko fiye. Watau abin da kowa ke biya Naira 30,000, a karɓi 40,000 a hannunsa. To mu duba, matar aure da mijinta ya yi tafiya, da tsohon da 'ya'yansa ke aiko masa da kuɗi, da baƙon da bai san gari ba, ai duk hukuncinsu ke nan ko ba su furta ba. Mai gyaran da ke duban girman ƙofar gida da irin motar da ke ciki kafin ya buɗe baki, ya tambayi kansa: aikin ya ke yi wa kuɗi, ko rashin sanin mai aikin?

Haka nan wanda ya ga jariri na kuka cikin zafi, ko naman layya na shirin lalacewa a firji, ya ninka kuɗi don ya san ba a da zaɓi. Ko da alƙali bai kama shi ba, ya fita daga kyautatawar da Manzon Allah ya yi wa mai ita addu'ar rahama, watau mai sauƙin hali in zai sayar, da in zai saya, da in zai nemi biyan bashi, kamar yadda Buhari ya ruwaito.

LAIFIN MAI GIDA

Masu wannan sana'a suna da wata hujja da suka saba kawowa, kuma ya kamata a saurare ta. Su kan ce, "In na faɗi gaskiya cewa ƙaramin abu ne, sai a miƙo mini abin da bai kai kuɗin mota ba. In na kwance na'ura na yini ina bubbuga ƙarfe, sai a biya ni da murna." Wannan ba ya halatta ƙarya, domin zaluncin wani ba ya zama izinin zaluncinka. Amma magana ce da ke tona asirin masu gida. Mutanen da ke tauye mai gaskiya su cika wa mai ƙarya, su ne ke koya wa masu sana'a ƙarya da aljihunsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Suratul Muɗaffifina ta yi narkon azaba ga waɗanda ke cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar, kuma wannan ya haɗa da mai neman cikakken aiki da ragaggen lada. Ya zo cikin hadisin Ƙudusi a Buhari cewa mutum uku Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Ibn Majah kuma ya ruwaito umurnin a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Mutum nawa ne ke kwance cikin sanyin na'ura, alhali wanda ya gyara ta yana sintiri a ƙofar gidansa ana ce masa Alhaji na barci? Wani kuma sai ya haɗa na'ura da wutar da ba ta da ƙarfi ko ƙaramin janareta, ba tare da na'urar daidaita wuta ba, ko ya kunna ta nan take da dawowar wuta bai jira ko minti uku ba, in ta ƙone ya ce mai gyara ne ya ɓata ta.

WA KE BIYA IN KAYA SUKA LALACE?

Asali shi ne wanda aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma Imam Malik ya ware masu sana'ar da suka kafa kansu domin jama'a. Idan irin wannan ya ɗauki kayanka ya tafi da su shagonsa, suka ɓace ko suka lalace, to zai biya ƙimarsu ta ranar da aka ba shi, ko da lada ya ke aikin ko kyauta, sai fa in shaidu sun tabbatar da cewa abin ya halaka ba da sakacinsa ba. An ruwaito wannan hukunci daga Sayyidina Aliyu, Allah Ya yarda da shi, bisa dalilin cewa al'amarin mutane ba ya gyaruwa sai da haka, kuma Imam Shaɗibi ya kawo shi a cikin misalan maslaha. Imam Abu Hanifa bai ga lamuni a nan ba, amma manyan almajiransa biyu sun gan shi. In kuwa a gidanka ya yi aikin, ko a gabanka, to ya koma kan asali.

Sakaci kuma a wannan sana'a yana da alamomi sanannu. Gas iri-iri ne, kuma an rubuta irin na kowace na'ura a jikinta. Tsofaffi suna aiki da R22, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka tsara a daina shi sannu a hankali saboda illarsa ga sararin sama. Sababbi suna aiki da R410A ko R32, firji da yawa kuma da R600a, wanda ke kama wuta. Wanda ya cakuɗa wannan da wancan, ko ya ɗura gas bai zuƙe iska da danshin da ke cikin bututu ba, ko ya gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda wadda kan haddasa fashewa, ya yi ta'adi kuma zai biya. Haka nan wanda ya karɓi aikin da bai iya ba don kada a ce bai iya ba. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba, lamuni na kansa, kuma dalilin hukuncin ɗaya ne.

WA ZA A KIRA?

Alƙur'ani ya taƙaita mana ma'aunin cikin siffa biyu a kan harshen 'yar dattijon Madyana, su ne ƙarfi da amana. Ƙarfi a nan shi ne iya aiki. Mutumin kirki da bai iya ba zai ƙona maka inji da kyakkyawar niyya, gwani maci amana kuma zai gyara yau ya dasa ɓarnar gobe. Zumunta da zama sahu ɗaya a masallaci ba sa maye gurbin waɗannan biyu. Ranar Hijira, a tafiyar da ta fi kowace haɗari, Manzon Allah da Sayyidina Abubakar sun yi ijarar Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna musu hanya, alhali yana kan addinin Ƙuraishawa, saboda gwani ne kuma sun amince masa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ƙi karɓar yabon da wani ya yi wa wani, da ya gano bai yi maƙwabtaka da shi ba, bai yi tafiya da shi ba, bai kuma taɓa cinikin dinari da dirhami da shi ba.

Saboda haka a tambayi wanda ya taɓa ba shi aiki, kuma a tambaye shi bayan wata shida, domin nagartar gyara ba ta bayyana ranar da aka yi shi. A fifita mai shago sananne a kan mai yawo da jaka. A dubi ko yana awo kafin ya yi magana, ko kuwa tun daga bakin ƙofa ya ce gas ne. A nemi ya ware kuɗin kaya da kuɗin hannu, ya dawo da abin da ya cire, ya kuma faɗi tsawon lokacin da zai tsaya wa aikinsa. In kuɗin mai yawa ne a ji ta bakin mutum na biyu, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Kada a ruɗu da mafi araha, Hausawa sun ce araha ba ta ado. In akwai kafin alƙalami ko ragowar biya, a rubuta, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma rubutu ba tuhuma ba ne.

Game da hunturu kuwa, haɗarinsa ya fi kuɗinsa. Kaskon garwashi a ɗaki rufe, da janareta a cikin gida ko kusa da taga, suna fitar da wata guba marar launi marar wari da ke kashe mutane cikin barci. Abin dafa ruwa na lantarki da aka haɗa da siririyar waya kuma ya sha tayar da gobara. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Manzon Allah ya gargaɗi mutane cewa wuta maƙiyiyarsu ce, su kashe ta in za su kwanta. Mai haɗa wayar gida ya sani rayuka aka ba shi amana.

A ƙarshe muna kira ga ƙungiyoyin masu wannan sana'a. Tun ƙarni na uku bayan Hijira Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya, ya rubuta Ahkamus Suƙi a kan kula da kasuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a. A al'adarmu ma akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Pawa, masu tsawata wa nasu kafin ƙara ta kai gaban alƙali. Ya kamata shugabannin masu gyara su riƙe wannan gado: su jarraba yaro kafin a yaye shi, su sanar da jama'a ladan ayyukan da aka saba, su kuma hukunta wanda ya ɓata musu suna. Limamai kuma su riƙa shigar da babin ciniki da ijara cikin karatun tsakanin Magariba da Lisha, domin mutane da yawa sun san sujadar ƙabli da ba'adi amma ba su san hukuncin ragowar kuɗin aike ba.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, Ya sanya mu cikin inuwarSa ranar da babu wata inuwa sai ita.